Yadda Ake Gina Shafin Intanet na Warshar Marmara da Giranit a Jazira da Shuɗin Nilu

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, bayan ta yi fiye da shekara a hannun dakarun RSF, mutanen da suka gudu suke ta komowa gida. Da yawa abin da suka tarar shi ne ƙofa a ɓalle, shago an yashe shi, wurin wanke-wanke an farfasa. Haka lamarin yake a Sinja da kewayenta, inda sojoji suka koma a Nuwamban 2024. Masu gyara yanzu nemansu ake yi, kuma cikinsu har da mai yankan marmara da giranit, wanda yake shimfiɗa dutse a saman kantar shago, teburin mahauci, kicin na gida da wurin alwala na masallaci.

Aiki dai akwai shi. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai son aikin da mai biyan kuɗin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne, kuma ba gari ɗaya suke ba. Uwa tana Mai Wurno, ɗan da zai biya yana Riyad ko Jidda ko Alƙahira, warsha, wato wurin aikin, kuma tana Sinnar. Wannan warwatsuwa tsohuwa ce a wurin mutanenmu na can. Garin Mai Wurno kansa a 1906 aka kafa shi a bakin kogi, kudu da Sinnar, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya iso da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Alhazai masu tafiya Makka a ƙasa sun yada zango suka yi ƙwadago a madatsar ruwa ta Sinnar da aka gama a 1925, da gonakin audugar Jazira, wasu suka wuce Hijaz, wasu suka zauna, ƙauyuka suka jeru har Rusairis da Damazin. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ƙara nisan kawai ya yi. Saboda haka duk mai warshar da zai yi shafin intanet, mutum biyu zai sa a gabansa: wanda yake nesa ba zai iya zuwa ya taɓa dutsen da hannunsa ba, da wanda yake ƙauye wayarsa tana kama sabis da ƙyar. In shafin ya biya wa waɗannan biyun buƙata, to ya yi aikinsa.

Wani zai ce ai yana da Facebook da WhatsApp, kuma da su ake yawancin ciniki a Sudan. Gaskiya ne, kada ka bar su. Amma hoton da ka saka bara ya nutse ƙarƙashin na bana, bayanin awo kuma sai ka maimaita shi ga kowane mutum. Shafin naka shi ne wurin da komai yake zaune a jere, ka tura wa mutum adireshi ɗaya ya karanta da kansa.

Aikin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ka ɗauki littafi da biro, ka yi mako biyu kana rubuta kowace tambaya da aka yi maka a bakin warsha ko a waya. Za ka ga tambayoyin ba su da yawa, maimaita kansu suke yi: nawa ne mita, wanne ne ba ya tabo, za ku kawo har ƙauyenmu, kwana nawa, nawa zan fara bayarwa, in ya fashe a hanya wa ke da asara. Waɗannan su ne ƙashin bayan shafin. Duk abin da ba ya amsa ɗaya daga cikinsu, ajiye shi gefe.

Daga nan sai hotuna, kuma a nan nake so a daɗe, domin a wannan sana'a gani ya kori ji. Kada ka kwaso hoton kicin ɗin Dubai ko Istambul ka liƙa. Mutumin da ya tashi a Hasahisa ya san yadda bangon garinsu yake, ya san launin ƙasar tsakar gidansu, da ya ga hoton aro zai fara shakkar duk sauran abin da ka rubuta. Aikinka za ka nuna, ko da guda goma ne kacal. Kowane aiki a yi masa hoto huɗu: wurin kafin a taɓa shi, aikin gaba ɗaya daga bakin ƙofa, sannan biyu na kusa. Na kusan su ne suke sayar da aiki. Ɗaya ya nuna bakin dutsen, yadda aka zagaye shi aka goge har yana sheƙi, da yatsa a kai don a ga kauri. Ɗayan ya nuna mahaɗa, inda falle biyu suka gamu, ko inda dutse ya rungumi kwamin wanke-wanke. Wanda ya taɓa samun mummunan aiki nan idonsa zai fara zuwa, don ya san ta nan ruwa ke yoyo, nan datti ke maƙalewa. A ɗauki hoton da hantsi ko bayan la'asar, a buɗe taga, a kashe fitilar waya, saboda haskenta yana dukan dutsen da aka goge ya ɓoye zanensa. A share ƙura da busasshen tsumma. Kada a jiƙa dutsen don ya yi kyau a hoto. Jiƙaƙƙen dutse ya fi duhu da ƙyalli, kuma ranar da kaya suka isa gida za a ce ba wannan aka nuna ba.

Ƙarƙashin kowane hoto a rubuta layi ɗaya: irin dutsen, kaurinsa, tsawonsa, garin da aka yi aikin da shekara. Sunan gari ya isa. Sunan mai gida, unguwarsa, ƙofar gidansa, fuskar iyalinsa, duk babu su a shafi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankin da rikicin Yulin 2022 a jihar Shuɗin Nilu, da wanda ya biyo baya a Wad al-Mahi a Oktoban shekarar, suka ci rayukan ɗaruruwan mutane, cikinsu da Hausawa masu yawa, ga kuma wasoson da aka sha lokacin yaƙi. Hoton sabon kicin sanarwa ce cewa gidan nan kuɗi na shigowa. Ka nemi izinin mai gida kafin ka ɗauka, ka sake nema kafin ka saka, kuma ka kashe abin da ke sa kyamarar waya tana adana wurin da aka ɗauki hoto, domin yawancin wayoyi suna ɓoye wannan bayani a cikin hoton kansa.

Sai zancen harshe. Bahaushen Sudan da Hausa yake magana a gida, amma makarantar da ya yi ta Larabci ce, kuma da yawa ba su saba karanta Hausa da baƙaƙen boko ba. Maƙwabtansa da za su sayi dutse su ma Larabci suke karantawa. Don haka rubutun shafin ya zama Larabci mai sauƙi, irin wanda ake yi a kasuwar Madani, kuma a gaya wa mai ginawa tun farko cewa shafin daga dama zuwa hagu zai tafi, don kada lambobi da layuka su hautsine. Hausa kuma a ba ta murya. A kowane sashe a saka gajeriyar magana ta minti ɗaya, usta, wato gwanin aikin, da bakinsa yana bayani, wadda ba za ta fara ba sai an danna. Tsohuwar da ba ta karatu za ta saurara ta gane, ɗanta da ke Saudiyya kuma in ya ji harshen gida daga bakin mai aikin, hankalinsa zai fi kwanciya.

Yanzu a zo ga tsarin shafin. Abin da ido zai fara gani a fuskar waya, ba tare da an ja ƙasa ba, abu huɗu ne: sunan warsha, abin da kuke yi a jimla ɗaya, garuruwan da kuke kai kaya, da maɓalli biyu manya, ɗaya na kira ɗaya na WhatsApp. Dogon tarihin kafuwar warsha da hotunan da ke juyawa da kansu ba su da gurbi a nan.

Sashe na biyu na duwatsu ne, kuma a nan gaskiya take kawo ciniki. Ka faɗi inda kowanne ya fito, na gida ne ko na Masar da ake shigowa da shi ta Wadi Halfa, ko wanda ya zo ta jirgin ruwa ta Bur Sudan. Sannan ka faɗi halinsa ba tare da ɓoye aibi ba. Marmara dutse ne mai laushi. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana wajen 3, giranit kuwa tsakanin 6 da 7. Wuƙa tana karce marmara. Duk abu mai tsami yana cin fuskarsa ya dusashe: lemun tsami, tsamiya, zoɓo, har da ƙullin kisra in ya zuba aka bar shi. Ke nan marmara ya fi dacewa da kantar kantin magani, matakala, dokin ƙofa da ado, giranit kuma shi ne na kicin, na mahauci, na mai sayar da ful. In ka rubuta wannan ɓaro-ɓaro za ka rasa cinikin farin marmara ɗaya ko biyu, amma ka huta da matar da za ta dawo bayan wata uku tana cewa an cuce ta. Ka ambaci kauri, santimita 2 ko 3, ka kuma ambaci nauyi, domin mutane ba sa zato: murabba'in mita ɗaya na giranit mai santimita 2 yana kai kilo 54 ko kusa da haka, mai santimita 3 kuwa kusan kilo 80. Wanda ya san wannan ba zai ɗora shi kan ruɓaɓɓen katako ba.

Bari in ratse kaɗan. In za ka saka bidiyon yadda kuke yanka, ka tabbata da ruwa ake yankan, yaran kuma bakinsu da hancinsu a rufe. Ƙurar giranit tana zama a huhu ta lalata shi, ciwon kuma ba ya warkewa. Ostireliya ta haramta dutsen haɗi na masana'anta tun Yulin 2024 saboda yadda ƙurarsa ta nakasa matasan ma'aikata. Almajirin da ke riƙe maka injin ɗan wani ne, kuma kare shi ya fi shafin duka muhimmanci.

Sashe na uku shi ne wanda zai rage maka zirga-zirga: koya wa mai saye yadda zai yi awo. Zane ɗaya na hannu, a ɗauke shi hoto, ya wadatar. A nuna masa ya auna tsawo sau biyu, ta jikin bango da ta gaba, domin da wuya ka sami ɗakin da kusurwarsa ta miƙe daidai. A gaya masa faɗin da aka saba santimita 60 ne, tsayi daga ƙasa 85 zuwa 90, ya nuna inda famfo yake, inda kwami zai zauna, inda murhun gas zai shiga, ya kuma auna faɗin ƙofar da za a shigo da dutsen. Sannan a rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan awo na ƙiyasin kuɗi ne kawai, ba a sa wa dutse inji sai usta ya zo ya auna da kansa. Dutsen da aka rage ba ya ƙaruwa.

Farashi shi ne wurin da masu sana'a suke noƙewa, kuma ina ganin uzurinsu. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a dala ɗaya, a 2024 kuwa dala ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Farashin da aka rubuta yau zai iya zama asara mako mai zuwa. Duk da haka shafin da ba ya cewa komai game da kuɗi korar mutane yake yi, don mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ya ji kunyar tambaya. Mafita ita ce a rubuta farashi tare da kwanan watan da aka sa shi, da adadin kwanakin da zai tsaya a haka. Abin da ya fi adadin ma muhimmanci shi ne yadda ake lissafi. Da mitar tsawo kake sayarwa ko da murabba'i? Kanta mai tsawon mita 3 da faɗin santimita 60, mita 3 ce a lissafin farko, murabba'in mita 1.8 ce a na biyu, kuma rigima da yawa daga nan take tasowa. Ka kawo misali ɗaya cikakke, ka nuna abin da ke ciki da wanda ba ya ciki: gugar baki, huda ramin kwami, ɗan siririn dutsen da ake jinginawa a bango, kuɗin mota, kuɗin girkawa.

Hanyar biya ma a fayyace ta. Yawancin mutane yanzu da Bankak, manhajar Bankin Hartum, suke tura kuɗi. Ka faɗi kason da ake bayarwa kafin alƙalami da lokacin cikawa. Sunan da ke kan asusun ya zama shi ne sunan da ke kan shafin, domin wanda yake ƙasar waje in ya ga suna biyu zai janye hannu. Ka rubuta cewa ana tabbatar da shigar kuɗi ne daga asusunka, hoton shaidar turawa kaɗai bai isa ba, tunda ana iya ƙirƙirar na bogi. Ka kuma yi alkawarin rasit mai ɗauke da awo, irin dutse da ranar kawowa, a tura hotonsa ga mai biya da mai karɓa duka biyun.

Akwai abin da mai shafi a Alƙahira ba zai damu da shi ba, kai kuwa dole ne: ƙasar Jazira. Baƙar laka ce mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani. In ruwa ya sauka daga Yuli zuwa Satumba, hanyoyin ƙauyuka da suka rabu da kwalta sukan gagari mota. Ka rubuta wannan a sashen kai kaya, ka jera garuruwan da kake isa kowane lokaci da waɗanda sai ƙasa ta bushe. Ka bayyana cewa a tsaye ake ɗaukar fallen dutse, bisa gefensa, a ɗaure, don in aka kwantar da shi a bayan boksi (motar a-kori-kura) ko karo (amalanke), gargada ɗaya ta isa ta raba shi biyu. Wanda ya zaɓi ɗaukar kayansa da kansa ya san asarar hanya tasa ce. Lamuni kuma a iyakance shi a fili: mahaɗa da girki naka ne, amma in ginin da ke ƙarƙashi ya motsa saboda ƙasa, wannan magana ce dabam.

Sashen tuntuɓa gajere ne. Lamba biyu a kan layuka biyu daban, cikin Zain, MTN da Sudani, saboda in ɗaya ya ɗauke ɗayan ya yi aiki. Maɓallin WhatsApp ana haɗa shi da adireshin wa.me, a bi shi da 249, sannan lambarka ba tare da sifirin farko ba, kuma ana iya shirya saƙon da zai fito da kansa, mutum ya cike gurbi kawai: “Salamu alaikum Usta, ina garin kaza, ina son dutsen kicin mai tsawon kaza.” Kada ka dogara da kiran WhatsApp kaɗai, domin a Yulin 2025 hukumar sadarwa ta Sudan ta taƙaita kiran murya da na bidiyo ta manhajar. Fom mai gurabe goma ba wanda zai cike shi. Kwatancen warsha kuwa a yi shi yadda ake yi da baki, daga tasha ko babban masallaci, a haɗa da hoton ƙofar.

Sai an tara duk wannan sannan ake neman mai gini. Shafi ɗaya dogo mai sassa ya ishi yawancin warshoshi, kuma ana iya yin sa da WordPress ko Google Sites. Suna ya zama gajere, wanda za a iya faɗa a waya ba sai an maimaita ba, ya ƙare da .com ko .sd. Masaukin shafin ya fi kyau ya kasance a wajen ƙasar. A Fabrairun 2024 layukan sadarwa uku na Sudan duk sun ɗauke, kuma a irin wannan hali kana so ɗan'uwan da ke waje ya ci gaba da ganin shafinka. Biyan kuɗin suna da masauki yakan buƙaci katin banki na waje, to ɗan'uwa ya biya ba laifi, amma rajista da sunanka da imel ɗinka za a yi, kalmar sirri kuma a hannunka. Kada ka bar ta wurin yaron da ya gina maka, komai amincinsa. Tafiya takan kama mutum, waya takan ɓata. Ka rubuta ranar sabunta rajista a littafin warsha, don shekara-shekara ake biya. Ka kuma ce a sa wa shafin shaidar tsaro, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Let's Encrypt kyauta take bayar da ita.

Nauyi shi ne abin da ke kashe irin waɗannan shafuka. Hoto ɗaya daga waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, ashirin daga cikinsu sun cinye datar mutum kafin ya ga komai. A matse kowanne ya dawo kilobait 100 zuwa 150, sashen farko gaba ɗaya kada ya wuce megabait ɗaya, hotunan ƙasa kuma kada su sauko sai an ja zuwa wurinsu. Wani bincike da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu shiga ta waya suna ficewa in shafi ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Mutumin da ya hau tudu a bayan gari yana neman sabis ya fi wannan haƙuri, amma datarsa da kuɗi ya saya.

Gwajin da na fi yarda da shi ba a ofis ake yin sa ba. Ka ɗauki tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ka je ƙauye, ka miƙa wa wani dattijo ka ce, “Baba, don Allah nemo mini kuɗin giranit na kicin, sannan ka kira mai warshar.” Ka ja bakinka ka yi shiru, ka kalli yatsansa. Inda ya tsaya yana jujjuya wayar, inda ya matso da ita kusa da ido, inda babban yatsansa ya danna maɓalli biyu lokaci guda, duk wuraren gyara ne. Ka tura adireshin ga wani a Saudiyya shi ma ya gwada, ya faɗa maka abin da ya so sani bai samu ba.

Bayan an buɗe, a rubuta adireshin a allon warsha, a jikin mota, a kan rasit, a saman shafin Facebook. A riƙa ƙara sabon aiki ko da sau ɗaya a wata, musamman gab da lokutan da kuɗi ke shiga hannun mutane: bayan girbin dawa da riɗi, bayan yankan alkama a Maris, da kafin Sallah biyu da ake yawan bukukuwan aure. In farashi ya canja a canja shi ranar, tare da kwanan wata. In an rufe warsha saboda damina ko tafiya, a rubuta a sama, da ranar dawowa. Kuma tunda usta ba ya jin ƙarar waya in inji yana aiki, a ware mutum ɗaya mai ladabi da iya rubutun Larabci ya riƙe ta, a sa masa lokaci biyu a rana, bayan azahar da bayan magariba, ya amsa duk saƙon da ya shigo, a kuma rubuta waɗannan lokutan a ƙarƙashin lambar waya.